Shekara Ukun da Na Ƙara wa Auta

A gidanmu kowa shekarunsa iri biyu ne: na haihuwa da na takarda. Kada wani ya yi mini kallon mamaki, duk wanda ya tashi a gidan ma'aikacin gwamnati a Kaduna ya san zancen. Baba ya rage huɗu tun ranar da ya shiga aiki. Ni ma an rage mini ɗaya, ban san dalili ba, an dai ce wata rana za ta yi amfani. Umma ce kaɗai ba ta da na takarda, ita da azumi take ƙirga nata. Ƙanena, autanmu, shi kaɗai aka ƙara wa. Kuma ni na ƙara masa da yatsuna.

Tunda na gama sakandare ban ci gaba ba. Aiki na samu a wani shagon buga takardu da ke jikin katangar wata kotu. Kullum daga Kinkinau nake hawa keke in tafi, ni ke buɗewa ni ke rufewa. Rabin aikinmu takardar rantsuwar shekaru ce. Tana nan ajiye a kwamfuta, suna da shekara kawai ake canzawa. Mutum zai zo da furfura har gira ya ce talatin da biyar gare shi, in buga masa. Ina ruwana.

Auta kuwa kai gare shi. Sau biyu ana tsallakar da shi aji, sai ga shi ya gama sakandare yana da sha biyar. A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa jami'a ba za ta ɗauki wanda bai kai sha takwas ba. Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Wata Talata da hantsi sai ga shi a shagonmu da kayan ofis, ya tsaya a kaina.

"Ki buga wa ƙanenki. Ki sa sha takwas."

"Baba, sha biyar fa gare shi."

"Na tambaye ki?"

"Muryarsa ma ba ta gama buɗewa ba."

"Dogo ne. Buga, ina da aiki."

Na buga. Ko minti biyu ban yi ba. Ya ɗauka ya shiga kotu, kafin in gama cin awarar da na saya ya fito da hatimi a jiki. Rantsuwa ake ce mata, amma ba wanda ya ɗauko Alƙur'ani. Da wannan takardar aka je aka yi wa Auta katin shaida, hotonsa da wannan siririn wuyan, a ƙasa kuma shekarar da ba a ma yi cikinsa ba.

Ya ci jarrabawa, amma gurbin karatu bai fito ba. Aka ce a jira. Ya zauna a gida, ba makaranta ba sana'a, sai kati a aljihu.

Ni na fara lura, don ni hancina ba ya ƙarya. Yaron da ba ya ƙaunar yaji sai ga shi kullum yana taunar kanumfari. Ya daina zama cin abinci da mu. In ya shigo bayan la'asar sai ya wuce ɗaki ya kwanta ruf da ciki, a yi kiran magariba yana nan. Umma ta ce girma ne. Wata Asabar da safe ina shanya a bayan gida, na zazzage wandonsa, marfin kwalba ya faɗo. Ba na lemo ba ne. Na kira shi.

"Huro mini iska."

"Yaya, meye haka kuma?"

"Na ce ka huro."

Bai hura ba, ya kau da kai. Na nuna masa marfin. Ya yi wata 'yar dariya da ban san shi da ita ba.

"Wa ya sayar maka?"

"Kati na nuna."

Ya ba ni labari kamar wanda ya ci gasa. Wai akwai wani lambu da ake sayar da giya a bayan wani otal, mai gadin ba ya barin 'yan makaranta su shiga sai da kati, don an taɓa rufe wurin saboda yara. Abokansa duk sa'o'insa ne, ba mai katin da ya kai. Shi ke shiga ya sayo, ya juye a gorar lemo, ya kawo musu gindin wani mangwaro a bayan katanga. Ladansa shi ke fara kurɓa. Har suna suka sa masa, wai Dattijo. Na san ana sayar da ta leda a lungu ba mai tambayar kati. Amma su ba wannan suke so ba, ta manya suke so, kuma shi ne babbansu.

"Wallahi sai na gaya wa Baba."

"Ki gaya masa. A takarda ni babba ne. Ke kika buga ai."

Na ɗaga hannu zan mare shi, hannun ya tsaya a sama. Ni da kowa ya sani ba na iya riƙe magana, ni da Umma ke cewa bakina ya riga hankalina tashi daga barci, na riƙe wannan har wata huɗu. Tsoro nake ji. In na faɗa, Baba zai yi masa dukan da zai bar gida, in ya bar gida kuma da wannan katin ba inda ba zai shiga ba. Haka nake gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce, duk sanda na buɗe baki sai in ji "ke kika buga ai".

Wata Alhamis bayan la'asar ina cikin buga wa wata mata takarda, baƙuwar lamba ta kira ni. Namiji ne, ya tambaya ko ni ce yayar wane. Ya ce in zo caji ofis. Na ce lafiya? Ya ce in dai zo.

A can na ji komai. Auta ya sha, ya ari mashin ɗin wani abokinsa wai zai zaga ya dawo. Wajen Bakin Ruwa ya kwashe wani tsoho mai tura baron rake. Ƙafar tsohon ta karye, kansa ya bugi kwalta, an kai shi asibiti bai san inda yake ba. Abokan duk sun watse. Ba don 'yan sanda na kusa ba da mutane sun gama da Auta a wurin. Katin yana kan tebur, ɗan sandan da ke rubutu ya danne shi da biro. An riga an shigar da Auta bayan kanta, ɗakin da ake tsare mutane, cikin manya.

Akwai wata sajan, mace, mai jiki, da ɗan tabo a haɓa. Ta yafito ni gefe, wajen tukunyar ruwa.

"Ƙanwata, yaron nan shekarunsa nawa?"

"Yana jikin kati."

"Kada ki karanta mini kati, na iya karatu. Ina da kamarsa a gida. Tun da aka kawo shi Umma yake kira."



"Bari in gaya miki yadda abin yake," in ji ta. "Litinin za a kai shi kotu. In babba ne, gidan yari za a ajiye shi har a ga yadda tsohon nan ya ƙare. Wata nawa, ban sani ba. In yaro ne, hanyarsa daban, kotunsa daban, ana iya damƙa shi hannun iyayensa. Amma bakina ko naki ba ya goge kati. A kawo shaidar haihuwa ta gaskiya, kuma wanda ya rantse ya zo da kansa ya rubuta cewa ba gaskiya ya faɗa ba."

"In ya rubuta, me za a yi masa?"

"Wannan kuma ba a hannuna yake ba."

Baba ya iso da hularsa a karkace. Na maimaita masa abin da ta ce. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Za mu ga wani." Tun daga nan ya kama waya. Abokin aikinsa, ɗan ajinsu, maƙwabcin da surukinsa ke da muƙami. Kowa amsarsa ɗaya: a bari tsohon ya farfaɗo tukuna. Ba wanda ya gaya wa maganar shekarun.

Ranar Juma'a da safe na kai abinci, Baba ya tsaya a waje. Aka sa na ɗanɗana, sannan aka fito da Auta bakin ƙofar ƙarfe. Ba riga a jikinsa, ba takalmi. Na ce ina rigarka, ya ce an karɓe. Gefen fuskarsa a kumbure, ban sani ba ko na mutanen titi ne ko na ciki. Warin da ke fitowa daga ɗakin har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ya riƙe kwanon.

"Ka ci mana."

"In na shiga da shi karɓewa za su yi."

"To ci a nan, ina tsaye."

Ya kai loma biyu ya tsaya. Ya matso da bakinsa kusa da ƙarfen.

"Yaya, tun jiya a tsaye nake, ban zauna ba. Akwai wani a ciki, ya ce shi ma Litinin za a kai shi. Ya ce in mun je can zai ajiye mini wuri kusa da shi. Yana ta kallona."

Na leƙa ta bayansa. Duhu ne, sai idanu. Ban gane wanne ba ne, kuma wannan ya fi tsorata ni.

"Yaya, ki gaya musu shekaruna. Don Allah. Sha biyar gare ni. Ki gaya musu."

A lokacin ya shiga sha shida da 'yan watanni, shi kansa ya rikice. Dattijon gindin mangwaro ke nan, majina na zuba, yana roƙo a mayar da shi yaro. Ɗan sanda ya ce lokaci ya yi. Na fito, na tsuguna a bakin kwata na yi amai.

Da na koma gida na tarar da Umma ta sauke jeren samirunta daga saman kabad. Ba ta taɓa su sai za a yi biki. A cikin ta can ƙasa, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta ciro katin rigakafin Auta. Ya yi laushi don tsufa, yana ƙamshin turaren wuta, gefe ɗaya da tabon man ja. Ga ranar haihuwarsa da rubutun malamar asibiti, ga layin awonsa yana hawa wata bayan wata. Ta miƙo mini.

"Ki kai wa Baba mana," na ce.

"Shekara nawa muna tare ban taɓa mayar masa da magana ba. Ba zan iya ba. Ke ce mai baki."

Ranar nan kaɗai na ji ta faɗi haka ba da faɗa ba.

Asabar da safe Baba yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, rediyo a gefe ba a kunne ba, koko ya huce a gabansa. Ya rame cikin kwana biyu. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye katin rigakafin kusa da kofin. Ya kalla, ya gane shi.

"Ɗauke."

"Baba, jibi Litinin."

"Na san kwanaki."

"Waɗanda kake kira ba abin da za su yi. Ka je ka gan shi? Jiya ba ka shiga ba, a waje ka tsaya."

"Ke, ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba. Wata huɗu na iya shi, ga inda ya kai mu. Na san yana sha tun tuni, ban faɗa ba."

Ya ɗago ya dube ni. Na zaci zai tashi ya rufe ni da duka, har na ƙanƙame jiki. Bai tashi ba. Muryarsa ma ƙasa ta yi, don kada Umma ta ji daga kicin, alhali tana bakin ƙofa.

"Kin san abin da kike cewa in yi? Wata goma sha huɗu ya rage mini in yi ritaya. In na rubuta da hannuna cewa na yi rantsuwar ƙarya a kan ɗana, wa zai hana a ce a ɗauko fayil ɗina a duba nawa? In aka duba, tun shekara nawa ya kamata in bar aiki? Shekara talatin da wani abu ina tashi da asuba. Fanshon nan shi ne gidan nan. Shi ne ke, shi ne uwarki, shi ne shi kansa yaron. A bari tsohon ya farfaɗo, a sasanta."

"In bai farfaɗo ba fa?"

Ya ture kofin kokon gefe. Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma ni ma tsoron nake ji. Na ga gidan ba albashi ba fansho, na ga Baba a tsaye a gaban kwamiti yana murza hula. Amma idanun nan na cikin duhu sun fi tsaya mini.

Na ɗauki katin na miƙe.

"Shi ke nan. Ni zan je. Zan ce ni na buga."

"Bugawa ba laifi ba ne. Ba ke kika sa hannu ba."

"Zan ce ni na kwaikwayi sa hannunka. Zan ce ba ka ma sani ba. A shagon nake aiki, za su yarda."

"Su kama ki."

"Su kama. Ni dai na kai shekarun, na gaske."

"Wata ƙaryar kuma za ki ɗora a kai?"

"Ita muka iya a gidan nan, Baba."

Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Na ji Umma ta yi salati a hankali. Ban san ko da gaske zan iya zuwa ba, amma na sa hijabi, na sa takalmi, na kama hanyar ƙofa. Na kai zaure na ji muryarsa.

"Makullin shagon yana wurinki?"

"Yana nan."

"Jira ni."

Muka hau keke muka nufi shagon. Asabar ce, kotu a rufe, layin shagunan ba kowa sai mai shara. Na buɗe, na kunna kwamfuta. Tsohuwar takardar Auta tana nan, ban goge ba. Baba ya ce in buɗe sabon shafi. Ya tsaya a kaina daidai inda ya tsaya ranar Talatar nan, yana faɗa ina bugawa. Sunansa, aikinsa, cewa shi ne mahaifi, cewa shekarar da ya rantse a kai ba ita ba ce, shi ya ƙara uku da saninsa don neman karatu, ba da sanin yaron ko wani ba. Na ce ai da sanina. Ya ce, "Buga abin da na ce." Da muka zo kan shekarar haihuwa sai ya tsaya. Ya manta ta gaskiyar. Sai da na buɗe katin rigakafi na karanto masa. Ya sa hannu.

A caji ofis sajan ɗin ta shigar da mu wurin ogansu. Ya karanta takardar Baba, ya juya katin rigakafi gaba da baya, ya ɗora shi kusa da katin shaida. Ya daɗe yana kallon Baba.

"Alhaji, a wace ma'aikata kake?"

Baba ya faɗa. Ogan ya rubuta a gefen fayil, ya ja layi a ƙasa.

Sai bayan la'asar aka fito da Auta, aka damƙa shi hannun Baba da sharaɗin a kawo shi duk ranar da aka nema. Baba ya cire babbar rigarsa ya yafa masa. A keke Auta ya kwantar da kai a cinyata kamar ɗan yaye, yana rawar sanyi, rana kuwa tana dukan kwalta.

Tsohon ya farfaɗo ranar Litinin. Da mun jira, wataƙila da an sasanta, wataƙila kuma da Auta ya riga ya kwana a can. Na sha juya wannan a raina, ban samu amsa ba. Bayan an sallame shi muka je gaishe shi a ɗakin da yake haya a Rigasa. Bakatsine ne, ƙafar a ɗaure. Ya dubi Auta sama da ƙasa ya ce, "Wanga ɗan yaron ne? An ce mini wani ƙato ne." Ya ce ya yafe. Amma har yau da sanda yake tafiya, baron kuma wani ke tura masa. Maganar ta je kotun yara, ana ta zuwa ana dawowa.

Auta yana gida. Karatu ya tsaya, don sunansa a wurin jarrabawa yana ɗauke da shekarar da muka ce ƙarya ce, gyaran kuma kowane ofis sai ya tura mu wani. Ba ya son ɗaki a rufe, ko wanka zai yi sai ya bar ƙofa a buɗe. Ko ya daina sha? Ban sani ba. Ina zaton ya daina. Duk sanda ya shigo ina tare shi a zaure in ce ya huro, yana hurowa ba musu. Ranar da na ji ƙamshin kanumfari a miyar Umma sai da na ture kwanon.

Ina nan a shagon, don ba ni da wani aikin. In aka kawo ta shekaru sai in tura wa abokiyar aikina, ita kuma ta buga, tana mini dariya wai na zama ustaziya.

Baba saura wata biyar. Ba wanda ya kira shi, ba takardar da ta zo. Ba mu sani ba ko layin da ogan ya ja ya tsaya a fayil ɗin nan, ko yana tafiya a hankali daga tebur zuwa tebur. Ba ma zancen a gida. Ni da shi gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, bai yi fushi ba, bai kuma sake ba. Amma kullum da yamma in ya yi sallama, ni da Umma ba fuskarsa muke fara kallo ba. Hannunsa muke kallo, mu ga ko da ambulan daga ofis.